Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Me Muke Ba Wanda Ya Sauka Wajenmu?



Da zarar an gama girbi an kai dawa rumbu, duk wanda ya san tashar Birnin Kudu ko yake cin kasuwar Sara ya san abin da ke biyo baya. Samari za su fara ɗaure 'yan komatsansu, daga Basirka da Fagam da Farin Dutse, daga Sundimina da Kantoga, a nufi Legas ko Fatakwal ko Abuja. Ka tambayi ɗayansu wajen wa zai sauka, amsar ba ta wuce guda: "Akwai ɗan garinmu a can." Lambar waya ɗaya ce duk shirinsa, kuma mafi yawan lokaci ba ta ba shi kunya. Ɗan garin nan zai zo tasha ko da tsakar dare ne, ya matsa masa a tabarma, su ci kwano ɗaya. A wannan fanni ban san wata al'umma da ta fi mu ba.

Abin da nake son mu tattauna shi ne abin da ke faruwa bayan daren farko. A ganina mun riƙe tabarma da tuwo, mun saki ɗaya rabin na saukar baƙi, wato gaya wa mai zuwa gaskiyar inda za shi tun bai taso ba. Kuma mu da muke koyon rubutu muna da hannu a cikin wannan sakaci.

Kakanninmu ba da ka suke saukar baƙo ba. Fatauci zuwa Gwanja ya kafa zangonni tun daga Salaga har Kumasi da Ankara, kuma kowane zango yana da masu gida, waɗanda a Kano ake kira fatoma. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawan wurin suke tafiyar da cinikin shanu da goro. Sabo ɗin an kafa ta ne a 1916. Abin da ya tarar zai ba matashin yau mamaki. Mai shanu ya taso daga Arewa bai san kowa ba, bai jin Yarbanci. Maigida zai ba shi ɗaki, a riƙa kawo masa abinci daga cikin gida, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Mahauta kuwa bashi suke ɗaukar shanu, don haka maigida ne zai faɗa wa baƙonsa wane mahauci ne mai biya, wane ne mai taurin bashi. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya. Ka ga ke nan ba zai yi wa baƙo ƙarya ba, domin ƙaryar a aljihunsa za ta ƙare, kuma in labari ya koma Arewa cewa gidan wane ba amana, shi ke nan baƙi sun ƙaurace masa. Yana samun ladansa a cikin cinikin, ba sadaka yake yi ba. Amma abu mafi tsada da yake sayarwa shi ne sanin gari.

To yau wa ke saukar yaron da ya taso daga Gwaram? Yawanci wani yaro ne kamarsa, wanda ya riga shi zuwa da shekara ɗaya ko biyu, yana kwana a shagon da ba nasa ba ko a ginin da ba a ƙarasa ba. Zuciyarsa fara ce, amma ba shi da abin da maigidan da yake da shi. Kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo: kunya. Wanda ya zo gida da sallah cikin sabuwar shadda da babbar waya, ya raba wa ƙanne ɗari biyar-biyar, da wane baki zai ce wata uku ya yi yana bin bashin abinci? In an kira shi daga gida sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ana samu." Ƙaninsa ya ji ana samu, ya sayar da akuyar uwarsa ya yi kuɗin mota. Muna kiran wannan rufin asiri. Asirin mutum ɗaya ya rufu, na mutum biyar ya tonu.

Ba mu manta da abin da ya faru a ƙarshen watan Agusta na 2019 ba, lokacin da jami'an jihar Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. An tsare su, an yi ta yayata hotunansu, daga baya aka sake su domin ba a same su da wani laifi ba. Neman halal suka je, kuma kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin zama inda ya so a ƙasarsa. Amma bayan 'yan watanni, a Fabrairun 2020, Legas ta taƙaita acaɓa a manyan sassan birnin, sannan daga 1 ga Yuni 2022 ta hana shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa. Babur ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓa ba, an sha nuna yadda ake murƙushe su. Yanzu ku yi tunanin mutumin da ya jinginar da gonar gado ya sayi babur, ya ɗora shi a tirela bayan an kafa wannan doka, saboda wanda zai sauke shi ya ce masa, "Ka zo kawai, Allah na nan." Allah na nan, babu shakka. Amma dokar ma tana nan, kuma mai masaukin ya san da ita.

A nan ne nake ganin akwai abin dubawa a wajen Faransawa. Su ma mutane ne masu yawan zama a ƙasashen waje, kuma tun 1927 suke da ƙungiyar Faransawa mazauna ƙetare. A manyan biranen duniya da dama suna da ƙungiyoyin tarbar sabon zuwa, waɗanda 'yan sa-kai ke gudanarwa. Aikinsu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Wanda ya daɗe a gari ya zauna ya rubuta abin da ya sani: wace unguwa ce ta fi sauƙin haya, ina za a sa yara makaranta, wane likita ake zuwa, wace takarda hukuma ke nema, wane kuskure ne sababbin zuwa suka fi yi. Wanda ya tashi komawa gida ya bar wa na bayansa, shi ma ya ƙara nasa. Sanin garin ba ya bin mutum ɗaya ya tafi.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. Bafaranshen da ya zo Legas da albashinsa ya zo, ofishin jakadancinsa na da sunansa a rajista, har 'yan majalisa 11 suke zaɓa tun 2012 masu wakiltar mazauna waje kaɗai. Ina aka haɗa shi da mai tura baro a kasuwar Mile 12? Ban haɗa su ba. Sai dai wanda ba shi da kuɗi ba shi da hukuma a bayansa, ai shi ya fi buƙatar a gaya masa inda rami yake. Mai kuɗi in ya yi kuskure ya biya ya wuce. Namu kuskure ɗaya ne ya dawo gida da rigar jikinsa, in ma ya dawo.

Wani kuma zai ce ai muna da Sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da Sabo, ga ƙungiyoyin 'yan gari da ake tara kuɗi duk wata. Haka ne, kuma suna ƙoƙari. In an kama mutum su ne masu belinsa, in ya rasu su ne masu haɗa kuɗin likkafani. Amma ku lura, kusan duk wannan taimako bayan ɓarna ta auku yake zuwa.

Mu dawo kanmu. Ku ɗauki littattafan da muke rubutawa muna watsawa a WhatsApp da Wattpad. Saurayi ya fusata saboda an hana shi budurwa don talauci, ya shiga mota ya tafi Legas ko Dubai. Sakin layi ɗaya: "bayan shekara biyar." Sai ga shi da jibgegiyar mota, uban yarinya na rawar jiki. Ina shekara biyar ɗin? Mun tsallake ta domin ba mu san ta ba, kuma ba mu tambaya ba. Haka muke yi da Saudiyya. A labaranmu zinare ne da dabino da turare, alhali 'yan matan da dillalai ke kaiwa aikatau suna shiga tsarin da mai gida ke da iko a kan zamansu, sau da yawa fasfo ɗinsu ma yana hannunsa. Yarinyar da ke karanta mu a Birnin Kudu ba ta taɓa jin wannan daga alƙalaminmu ba. Mu ma muna cikin masu cewa "ana samu."

Kada a ce mutanenmu ba sa karatu. Wanda ya karance littafin soyayya mai shafi ɗari uku a waya zai karanta shafi biyu kan yadda ake kama ɗaki a Agege. Wanda bai iya boko ba, a karanta masa a saƙon murya, ko a rubuta da ajami. Ba kuma cewa nake a tsoratar da kowa ba. Ci-rani ya gina gidaje, ya aurar da 'ya'ya, ya sayi shanun huɗa a garuruwanmu, kuma Alhassan Ɗantata kansa da cinikin goro a hanyar Gwanja ya fara. Wanda zai tafi ya tafi, amma da idonsa a buɗe.

Kayan aikin yana ƙofar gidanmu. Da ruwan farko ya sauka 'yan ci-rani za su dawo shuka. Ka sami ɗaya da ka saba da shi, ku keɓe, ba a majalisa ba inda kowa ke kare girmansa, ka yi masa alkawarin ba za ka ambaci sunansa ba. Kada ka tambaye shi ko ana samu. Tambaye shi mutum nawa ne a ɗakin da yake kwana, kuma wa ake biya. Nawa 'yan ƙungiya ke karɓa kafin ya fara aiki da safe. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, wa ya saya masa magani. Wanda ya sauke shi, ya riƙa karɓar wani kaso daga abin da yake samu, ko kuwa? Kuɗin da ya ba wani ajiya, sun dawo cif? Sannan ka tambaye shi abin da ya so a ce an gaya masa tun yana tashar Birnin Kudu, ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta, kada ka gyara masa Hausa.