Wasiƙar Mai Zane Amana Ce a Hannun Mai Riƙe da Ita

A cikin watan Yuni na 2020 aka yi gwanjon wata wasiƙa mai shafi 4 a birnin Paris, aka saye ta a kan yuro 210,600. Mutum biyu suka rubuta ta a garin Arles na kudancin Faransa a watan Nuwamba na 1888, wato Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, da Paul Gauguin, Bafaranshe, zuwa ga abokinsu Émile Bernard. Dukansu gwanayen zane ne. Wataƙila mai karatu ya ce, wannan ai wauta ce ta masu kuɗi, takarda ta fi gida tsada. Ni ban ga wauta a nan ba. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, ina takardar take tafiya bayan an buga ƙararrawar gwanjo, wa kuma zai sami ikon karanta ta?

Mu fara da amfanin irin waɗannan wasiƙu. Hoto ba ya magana, kuma yana tsufa kamar yadda mutum yake tsufa. Ga misali guda. A watan Oktoba na 1888 Van Gogh ya zana ɗakin kwanansa, ya rubuta wa ƙanensa Theo wasiƙa yana lasafta masa launin kowane abu, har da ɗan ƙaramin zanen ɗakin a jikin takardar. A nan ya nuna cewa bangon ɗakin launin shunayya ne mai haske. Wanda ya tsaya gaban hoton yau kuwa shuɗi zai gani, domin jan da ke cikin fentin ya koɗe da daɗewar zamani. Masana sun bincika fentin sun tarar haka ne. Ashe wasiƙar ta riƙe abin da hoton ya kasa riƙewa. Haka kuma daga wasiƙun ne aka san lokacin da ya yi yawancin zane-zanensa, da irin fentin da yake saye, da cewa da kuɗin Theo yake ci yake sha wata bayan wata.

To, yaya aka yi wasiƙun suka iso gare mu? Vincent ya mutu a watan Yuli na 1890 yana da shekara 37. Bayan wata 6 Theo ya bi shi. Aka bar matar Theo, Johanna Bonger, tana da shekara 28, da jariri a hannu, da ɗaruruwan hotuna waɗanda kasuwa ba ta damu da su ba tukuna, da tarin wasiƙu wajen 650. Da ta ga dama da ta sayar da su ɗaya-ɗaya yayin da sunan mutumin ya fara tashi. Sai ta zauna shekara da shekaru tana jera su, alhali da yawa ba su da kwanan wata, har ta buga su cikin littafi 3 a 1914. Ɗanta ya miƙa su ga wata gidauniya a 1962, aka buɗe gidan tarihi na Van Gogh a Amsterdam a 1973. A 2009, bayan aikin shekara 15, aka fitar da wasiƙu 902 da sharhi, aka kuma sa su a intanet kyauta. Ɗalibi a ko'ina cikin duniya yana iya karanta su ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Yanzu mu duba ɗaya hanyar. Wani kamfani a Faransa mai suna Aristophil ya tara rubuce-rubucen hannu fiye da 100,000 na marubuta da masu zane da shugabanni. Gaskiya ya buɗe gidan nuni a Paris a 2004, amma ainihin cinikinsa shi ne raba mallakar takardun kashi-kashi, yana sayar wa jama'a kamar hannun jari, da fatan riba mai tsoka. Mutum wajen 18,000 suka zuba ajiyarsu. A 2014 'yan sanda suka shiga bincike, a 2015 kotu ta rufe kamfanin. Da aka fara gwanjon kayan a 2017, sai aka tarar da yawa ba su kai kuɗin da aka ɗora musu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Masu jari suka yi hasara, takardun da aka tara wuri guda suka watse. Wasiƙar nan da na fara da ita daga cikin wannan tari ta fito, sa'a ce kawai ta sa ta faɗa hannun gidan tarihi na Amsterdam.

Ba na cewa duk mai tara wasiƙu don sha'awar kansa mai laifi ne. In ba don irinsu ba, da gara da wuta da kwandon shara sun cinye rabin abin da muke da shi. Vincent kansa bai cika ajiye wasiƙa ba, shi ya sa amsoshin Theo wajen 40 kaɗai suka rage. Na kuma yarda cewa wanda ya sa kuɗinsa ya sayi abu, doka ta ba shi. Amma a nawa ganin, takarda da tawada ya saya. Maganar da ke ciki ta riga ta zama gadon duk mai neman ilimi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya ɗauki wannan amana, abu 3 ne suka hau kansa: ya kiyaye takardar daga danshi da rana, ya bari a ɗauki hotonta a buga don masu bincike, kada kuma ya raba wasiƙun da suka zo tare don neman ƙarin riba. Wasiƙa ɗaya da aka cire daga cikin 'yan'uwanta, rabin ma'anarta ta tafi.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Zariya ne Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai kamarmu. A 2018 aka sayar da hoton Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2. Inda kuɗin hoto ya kai haka, ba da daɗewa ba dillalai za su zo neman wasiƙun masu shi. Gobe wasunmu ne za su zauna a kan tebur a ofisoshin al'adu da ɗakunan karatu da Gidan Arewa a Kaduna. Idan iyalin wani mai zane suka kawo akwatin takardu, kada mu ce su dawo jibi. Mu karɓa, mu jera, mu rubuta sunan kowace, mu buɗe wa mai son karantawa. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.