Amintattun da ba sa zuwa taro

Jama'a, daren jiya bayan isha'i muka yi zama kan ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu da zawarawa a unguwa, kuma har yanzu abin na ci mini rai. Amintattu bakwai ne a takarda, uku muka zo. Ɗaya ya rasu tun bara, Allah Ya jiƙansa, amma sunansa na nan a rajistarmu ta CAC. Ɗaya ya koma Abuja. Sauran biyun manya ne da muka saka don sunansu ya yi wa takardar neman taimako ado, ko lambar sakatare ba su da ita.

Laifin namu ne, ni ma ina ciki. A ofis ba na yarda a fitar da ko sisi sai na ga takarda da sa hannu, amma a ƙungiya shekaru na zuba ido kuɗin marayu na shiga asusun ma'ajinmu na ƙashin kansa. Wallahi ba na zarginsa da cin komai, mutumin kirki ne. To amma da ya kwanta asibiti a farkon zangon karatu, kuɗin makarantar yaran ya tsaya cak, don ba wanda zai iya taɓa asusun. Har gida aka koro wasu.

Da ka yi maganar rasit sai a ce maka ai aikin Allah ne, a bar zargi. Ni wannan maganar ta ishe ni. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. In bashin tsakanin mutum biyu sai an rubuta, ina ga dukiyar maraya?

Kun tuna lokacin da Buhari ya sa hannu a dokar CAMA a watan Agustan 2020? Sashe na 839 ya ba CAC damar dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya in an sami almundahana, CAN da wasu ƙungiyoyi suka yi ca. Na fahimci tsoronsu, don na san halin gwamnati, a cikinta nake ci. Amma mu da ko rahoton shekara ba ma kai wa CAC, da wane baki za mu yi ƙorafi? Ga shi tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu bayarwa sun ragu, wanda ya daure ya ba ka dubu biyar kuma yana son sanin inda ta shiga. Yana da gaskiya.

Abin da na kawo a zaman ba wani sabon abu ba ne. Asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su sa hannu kafin kuɗi ya fita. A sa wa kujera wa'adi, wanda ya sha fashin taro ba uzuri ya ba wani wuri. A nemo akanta ko da matashi ne, ya riƙa karanta mana lissafi duk wata uku. Sannan a saka mata. Abin kunya ne a ce zawarawa muke yi wa hidima amma ba mace ko ɗaya a kwamitin, alhali akwai abin da bazawara ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da yunwa za ta kashe ta.

Duk an amince. Mai wuyar ita ce wa zai je ya gaya wa Alhaji ya sauka ya zama uban ƙungiya kawai. Aka ce ni, wai don aminin mahaifina ne. Tun ina yaro Baba nake ce masa, kuma shi ya biya kuɗin rajistar nan daga aljihunsa. Ranar Asabar zan je in sha Allahu. Wanda ya taɓa kai irin wannan saƙon ga babba, don Allah ya faɗa mini ta inda ya fara.