LAUNIN ƘWAI BA SHI NE ABINCI BA



A zagayen da na yi bayan kaka, wata ƙungiyarmu ta nuna mini hoton shuɗin ƙwai. Wani ɗan kasuwa ya ce zai kawo musu 'yan tsakin da za su yi irinsa, kowane ɗaya a kuɗin tsaki uku, wai ƙwan magani ne. Har sun soma shawarar taɓa asusun taki. Na ce su dakata, ga kuwa dalilina.

Gaskiya ne akwai kaza mai shuɗin ƙwai. Sunanta Araucana, asalinta ƙasar Chile ne, a Amurka ta Kudu. Ba ta da jela, zankonta ɗan ƙarami ne, sau da yawa kuma tana da tsiron gashi a gefen kunnuwa. 'Yar'uwarta Ameraucana tana da jela da gemu. Idan aka haɗa irin waɗannan da zakaran kaji masu jan ƙwai, 'ya'yan sukan yi koren ƙwai.

Sauran kun san su. Leghorn, mai asali daga Italiya, siririya ce, fara, mai babban zanko, ƙwanta fari fat. Rhode Island Red ta Amurka ja ce mai jiki, ƙwanta ruwan ƙasa. Haka ma Shika Brown, wadda masananmu suka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, aka ba manoma ita a shekarar 2000. Marans ta Faransa kuwa, ƙwanta ya fi na kowa duhu.

Ga dabaru biyu. Na fari, ku dubi 'yar fatar nan da ke ƙasan kunnen kaza. In fara ce, galibi farin ƙwai za ta yi. In ja ce, ƙwan ruwan ƙasa ne. Galibi na ce, domin Araucana ma jar fata gare ta. Launin gashi kuwa ba ya nuna kome. Na biyu, ku fasa ƙwan ku dubi cikin ɓawon. Jan ƙwai fari ne daga ciki, gama a ƙarshe ne kaza take shafa masa launi kafin ta saka shi. Shuɗin ƙwai na gaskiya, ciki da waje duk shuɗi ne. In cikinsa fari ne, rini aka yi.

To, me launin ya ƙara wa mai ci? Ba kome. Fari, ja da shuɗi duk amfaninsu ɗaya ne a jikin yaro. Abin da kaza ta ci shi ke canza gwaiduwa: a ba ta jar masara da ɗanyen ganye, gwaiduwa ta yi ja, ko wane irin ɓawo ne.

Wani zai ce, ai a birni ana sayen baƙon abu da tsada. Haka ne. Amma wa zai saya a kasuwarmu? Mai shayi girman ƙwai yake dubawa. Sa'an nan tsaki ɗan kwana ɗaya ba ya nuna ƙwan da zai yi. Sai kun ciyar da shi wajen wata 5 kafin ku gane ko an cuce ku, lokacin mai kaya ya yi nisa. Har ila yau Araucana tana da wuyar ƙyanƙyasa, domin tsakin da ya gaji gashin kunnen nan daga uwa da uba duka yakan mutu tun a cikin ƙwai.

Kuɗin ƙungiya amana ne. A cikinsa akwai na gwauruwar da ta sayar da gyaɗarta ta zuba. Kafin ku sayi kowane iri, ku tambaya: ƙwai nawa take yi a shekara? Tana jure zafinmu? An yi mata rigakafin annobar nan mai share kaji da hunturu? Ku nemi ganin uwayen da ƙwansu da idonku, gama gani ya kori ji. Wanda ke sha'awar shuɗin ƙwai ya gwada da kaji biyu daga aljihunsa, ya kawo mana labari a taron wata. Asusun taki kuwa a bar shi ga taki.

Allah ya sa albarka a kiwonmu. Amin.