Ɗanmu Ya Sayi Mota, Wa Zai Ba Shi Lodi?

Jama'a makiyaya da fataken shanu,

Duk wanda ya zauna bakin titi a Adjengré, tsakanin Sotouboua da Sokode, zai ga manyan motoci suna gangarowa daga Sinkase da Dapaong maƙare da shanu, sun nufi kasuwar Adetikope ta kusa da Lome. Shanun namu ne, wahalar kiwon tamu ce. To, motocin fa, nawa ne namu?

Ga shi 'ya'yanmu sun fara yunƙurawa. Yaro ya yi shekaru yana karen mota, ya sami lasin, dangi suka sayar da bijimai suka haɗa masa kuɗin tsohuwar mota, sauran kuma bashi. Shi ne mai mota, shi ne direba. Amma maimakon mu tallafe shi, mu ne farkon masu kayar da shi. Gaskiya ɗaci gare ta, amma za mu faɗa.

Na farko, lodi. Falke ya gama saye sai ya nufi ɗan kamasho, shi kuwa ya miƙa wa mai motoci goma, wai yaron nan sabon hannu ne. Wai shin wa ya fi sanin saniya, wanda ya tashi cikin garke ko wanda bai taɓa riƙe sanda ba? Ɗanmu ya san ya tsaya ya ta da wadda ta kwanta kafin a tattake ta.

Na biyu, kuɗin mota. In ma an ba shi lodin, sai a ce masa "sai an sayar." Daga Dapaong zuwa Lome ya haura kilomita 600. Gidan mai ba ya jiran a sayar, haka bakanike da mai taya da masu karɓar kuɗin hanya. Mai motoci goma zai iya jira wata guda. Mai ƙwaya ɗaya da bashi a wuya, mako biyu sun isa su durƙusar da shi.

Na uku, cushe. Mu ne ke matsa masa ya ƙara kai biyar, in ɗaya ta mutu a hanya mu ce laifinsa ne. A dawowa kuma ko ya taho wayam, ko ya yi lodin siminti fiye da kima don ya fanshe, alhali tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade nauyin kaya. Tara a kansa, karyewar mota a kansa.

Sai shingaye. A 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes saboda tsaro, kuma ba mu ƙi bincike ba, don rayukanmu ake karewa. Abin da muka ƙi shi ne kuɗin da ba rasit, da tsayar da dabbobi cikin rana har su galabaita.

Ku ma samari, ku ji. Kada ku taɓa shanu mata don sayen mota. Saniya haihuwa take, mota kuwa tsufa take. Ku tambayi dattawa abin da ya faru a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Wanda ya bar garke a baya ya sami wurin komawa.

Saboda haka muna kira: kowane reshe ya rubuta sunayen 'ya'yanmu masu mota, a sa su cikin layin lodi. A biya rabin kuɗin mota kafin a tashi, sauran ranar saukewa. A yanke adadin shanun da kowace mota za ta ɗauka, kowa ya tsaya a kai. A kafa adashin taya da gyara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka bari motarsa ta ruɓe a bakin titi, bijimanmu ne suka ruɓe.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya albarkaci dukiya. Amin.