Injin zamani ba ya amfani idan babu mai karanta ƙwaƙwalwarsa

A shekarar 1968, kamfanin motoci na General Motors da ke Amurka ya nemi na'urar da za ta maye gurbin tarin makunnan lantarki masu tafiyar da injinansa, domin duk lokacin da aka sauya samfurin mota sai an warware wayoyi an sake haɗawa. Daga nan aka samu PLC, ƙaramar kwamfutar da ke karɓar bayanan zafi, nauyi da gudu, sannan ta umarci inji ya tashi ko ya tsaya.

A yau irin wannan na'ura ce ke tafiyar da injinan cika kwalabe da sarrafa roba, har a masana'antun Sharaɗa da Chalawa a Kano. Sai dai masu masana'antu kan zuba maƙudan kuɗi wajen shigo da inji, su manta da wanda zai karanta manhajar cikinsa. Ranar da ta cije, aiki ya tsaya cak, ma'aikata na zaune ana jiran injiniya daga ƙasar waje da za a biya da dala. Wani lokacin ma manhajar a kulle take, dillali kaɗai ya san lambar sirrin.

Tun wajen ciniki ya kamata a toshe wannan ɓaraka. Kada a biya kuɗin inji sai da kwafin manhajarsa, lambar sirrinsa da alƙawarin horar da injiniyoyin gida. Jami'ar Bayero na yaye ɗaliban mekatironiks. Ya rage ga masana'antu su buɗe musu ƙofa tun kafin ranar da injin zai tsaya.