Ɓatan waya bai kamata ya zama ɓatan layi ba

Duk wanda yake son ya bi kogin Kolorado da jirgin ruwansa, ya ratsa kwazazzabon Grand Canyon da ke jihar Arizona ta Amurka ba tare da ya bi ayarin kamfanin yawon buɗe ido ba, sai ya sami izini daga hukumar kula da gandayen ƙasa. Izinin nan kuɗi kaɗai ba ya sayensa, ƙuri'a ake yi a kansa, kuma wurin shiga ƙuri'ar shi ne asusun da kowane mai nema yake buɗewa a shafin intanet na ofishin kula da kogin. Yanzu ba a shiga wannan asusu sai an bi ta Login.gov, wato ƙofar bai ɗaya da gwamnatin tarayyar Amurka ta gina domin jama'a su riƙa shiga shafukan hukumominta da makulli guda. Ra'ayina shi ne wannan mataki yana kan hanya, amma yana tafe da nauyin da ya hau kan gwamnati: tunda ita ta ce ƙofa ɗaya za a bi, ita ce ya wajaba ta tabbatar cewa wanda ƙofar ta ƙi buɗe wa bai rasa haƙƙin da ya yi shekaru yana tarawa a bayanta ba.

Sai an san tsadar abin da ke bayan ƙofar kafin a gane dalilin damuwa da ita. A 1869 ne John Wesley Powell ya jagoranci ayarin da ya ratsa kwazazzabon cikin jiragen katako, kuma shekaru tamanin bayan haka waɗanda suka bi sawunsa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Da aka rufe ƙofofin madatsar Glen Canyon a 1963 ruwan ya zama mai tafiya bisa tsari, ga kuma jiragen roba sun wadata, sai jama'a suka yi dafifi, har a 1972 kaɗai mutane fiye da 16,000 suka bi kogin. Wurin kwana a gindin kwazazzabon ɗan yashin bakin ruwa ne, ba shi da yawa, kuma madatsar ta tare yawancin yashin da ambaliya take kawowa a da. Shi ya sa aka ƙayyade yawan masu shiga, aka kuma wajabta wa kowane ayari ya fito da shararsa, da tokar wutarsa, har da bahayarsa a cikin akwatin ƙarfe. Masu son tafiya da kansu aka jera su a layi, layin ya yi ta tsawo har ya haura suna 8,000, ya zama sabon shiga zai iya jiran shekara ashirin ko fiye. A 2006 hukumar ta soke layin ta kawo ƙuri'a mai maki.

Tsarin ƙuri'ar yana da hikima. Ana yin babbar ƙuri'a a watan Fabrairu domin ranakun tashi na shekara mai zuwa, mai nema ya biya dala 25, ya zaɓi ranakun da yake so. Yawan damarsa ya danganta da daɗewarsa rabonsa da kogin: maki ɗaya a kan kowace shekara, har zuwa biyar, wanda bai taɓa zuwa ba kuma yana da biyar ɗinsa cif. Akwai kuma dokar da ta hana mutum ya bi tsakanin Lees Ferry, inda jiragen suke tashi, da Diamond Creek, tafiyar mil 225 da ɗoriya, fiye da sau ɗaya a shekara, ko da kamfani ko da kansa. Duk wannan lissafi, da shekarar da mutum ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, da makinsa, da sunayen waɗanda ya naɗa su gaje shi shugabancin ayari in wani abu ya hana shi, da kuɗin da ya ajiye, a cikin asusun nan suke. Ke nan wanda ya sace asusun wani zai iya soke masa tafiyar da mutum goma sha shida suka ɗauki hutun aiki dominta, suka yi hayar kaya, suka sayi abincin mako uku.

To wa ya fi cancanta ya tsare irin wannan asusu? Ofishin kogi ƙaramin ofis ne, ma'aikatansa sun san hawa da saukar ruwa, sun san wace gaɓa ce take ɗaukar ayari babba, amma ba aikinsu ba ne fafatawa da 'yan kutse. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a wannan fage: a 2015 aka gano an kutsa cikin kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan tarayya, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Bayan wannan ne, a 2017, GSA, wata hukuma ta gwamnatin tarayya, ta ƙaddamar da Login.gov. Mai buɗe asusu yakan ba da adireshin imel, ya tabbatar da shi, ya zaɓi kalmar sirri mai aƙalla harafi 12, sannan dole ya ƙara shaida ta biyu: lambar da ake turowa ta saƙon waya ko ta kira, ko manhajar da take fitar da sabuwar lamba kowane rabin minti, ko ɗan makullin da ake cusa wa kwamfuta, ko buɗewa da fuska ko yatsa, ko jerin lambobin ajiya da ake bugawa a takarda. Da asusu guda mutum zai nemi aikin gwamnati a USAJOBS, ya duba fanshonsa, ya shiga ƙuri'ar kogi. Mutane sun saba maimaita kalmar sirri ɗaya a ko'ina, saboda haka kowane ƙaramin shafi mai ajiye kalmomin sirri da kansa kafa ce ga ɓarayi. Rage yawan kafofin nan, da damƙa tsaronsu ga waɗanda wannan ne aikinsu dare da rana, abu ne da hankali ya yarda da shi.

Masu suka na farko suna cewa an yi zuzutawa. Don mutum zai tuƙa kwalekwale, me ya kawo haɗa shi da ƙofar da ake shiga fansho? Ba wata hanya ce ta tattara rayuwar ɗan ƙasa a hannu ɗaya ba? Tsoron nan yana da tushe, kuma tarihin kwanan nan ya ba shi hujja. A farkon 2022 hukumar haraji ta Amurka ta nemi masu biyan haraji su ɗauki hoton fuskarsu ta hannun kamfanin ID.me kafin su shiga asusunsu, jama'a da 'yan majalisa suka yi ca, hukumar ta ja da baya. A Maris 2023 kuma babban mai binciken hukumar GSA ya fitar da rahoton cewa jami'an Login.gov sun ɓatar da hukumomin da suke hulɗa da su a kan matakin tantance mutum da suka ce sun kai, har an caje hukumomin fiye da dala miliyan 10. Ba wanda zai ce a rufe ido a amince. Sai dai Login.gov hawa biyu ne. Na ƙasa yana tabbatar da cewa wanda ya dawo yau shi ne wanda ya buɗe asusun jiya, ba ya neman lasisin tuƙi ko hoton fuska. Na sama shi ne mai tantance ko kai wane ne, kuma amfaninsa a inda ake fitar da kuɗi ko bayanan sirri. Izinin kogi ba ya buƙatar wuce hawan ƙasa, domin tantancewar gaske a bakin ruwa ake yinta. A Lees Ferry, kafin jirgi ya tashi, ma'aikacin gandu yakan zo da jerin sunayen ayarin, ya duba katin shaida mai hoto na kowa, ya duba rigunan hana nitsewa, da akwatin magani, da kaskon wuta, da akwatin bahaya. Wanda ya buɗe asusu da sunan bogi a nan asirinsa zai tonu. Abin da ya dace masu kishin sirri su dage a kai shi ne kada a wayi gari an ɗaga izinin kogi zuwa hawan sama ba tare da dalili ba.

Suka ta biyu ce ta fi nauyi, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Login.gov ya faɗa ƙarara cewa idan mutum ya rasa duk hanyoyin shaidarsa ta biyu, ma'aikatansa ba za su iya buɗe masa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi a goge asusun, ya jira awa 24, ya buɗe sabo, sannan ya sake ƙulla shi da kowace hukuma da yake hulɗa da ita. A duba su wane ne masu neman izinin nan. Mutane ne da suke shafe kwana 16 da bazara, har 25 da hunturu, a gindin kwazazzabon da ba sabis ɗin waya, inda jirgi yake kifewa, jaka ta jiƙe, waya ta mutu. Da yawansu jagororin ruwa ne da suke yawo daga wannan kogi zuwa wancan. Wasu dattawa ne da suka shiga tsohon layi tun kafin wayar hannu ta yaɗu. Wasu kuma daga ƙasashen waje suke nema, inda saƙon lamba kan makara ko ya ƙi zuwa. Ga shi bayan babbar ƙuri'a akan yi ƙananan ƙuri'u na ranakun da wasu suka soke, masu ɗan gajeren wa'adi, kuma wanda ya ci yana da ƙayyadadden lokacin biyan kuɗin ajiya. Mutumin da wayarsa ta faɗa ruwa ranar Talata, wa'adinsa kuma zai cika Laraba, jiran awa 24 zai iya cinye masa damar da ya yi shekara biyar yana tara mata maki.

Masu kare tsarin za su amsa da abu biyu, kuma duka gaskiya ne. Na ɗaya, an gargaɗi kowa ya ajiye hanya fiye da ɗaya, ya buga lambobin ajiya ya adana. Na biyu, da ma'aikacin waya yana iya buɗe asusu ga duk mai kira da murya mai ban tausayi, da 'yan damfara sun gama da kowa, domin yaudarar ma'aikatan taimako tsohuwar hanya ce ta satar asusu. Ban nemi a sassauta wannan ba. Abin da nake cewa shi ne makulli daban, haƙƙi daban. Makin mutum da tarihin tafiyarsa ba a hannun Login.gov suke ba, suna cikin kundin ofishin kogi, kuma ofishin yana da hanyoyin gane mai su da Login.gov ba shi da su: ya san katin da ya biya da shi, ya san waɗanda ya naɗa mataimaka, ya san ranar da ya tsaya gaban ma'aikaci da katin shaidarsa. Saboda haka ya kamata ya zama ƙa'ida a rubuce, wadda kowane mai nema zai gani kafin ya biya dala 25 ɗinsa, cewa wanda ya sanar da ofis ta waya ko ta imel kafin cikar wa'adi cewa ya kasa shiga, agogonsa ya tsaya har a warware. Taimakon da ya dogara ga kirkin ma'aikacin da aka dace da shi a waya ba daidai yake da haƙƙin da mutum zai nuna da yatsa ba. Haka nan, duk ranar da ƙofar kanta ta tsaya, wa'adin kowa ya matsa da gwargwadon tsayawar, domin illar ƙofa ɗaya ita ce in ta cije ta cije wa kowa a lokaci guda.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan matsala, ko da bai taɓa jin sunan Lees Ferry ba. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai neman rubuta jarrabawarta, kuma lambar rajista ta layin wayar ɗalibi take zuwa, ya zama layin da ya ɓata ko aka toshe yana iya tsaya wa yaro a gaba alhali ranar rufe rajista tana matsowa. Can da nan, hukuma ta ɗaura haƙƙi a jikin waya don ta toshe maguɗi, kuma ta yi daidai, sai dai wanda ya fi shan wahalar ɗaurin sau da yawa ba mai maguɗin ba ne.

Saura batun kuɗi, domin za a ce ofishin kogi ba shi da ma'aikatan da za su riƙa bin kowane mai ƙorafi. Wannan hujja ta raunana tun Maris 2025, lokacin da aka ɗaga kuɗin da kowane matafiyi yake biya daga dala 90 zuwa 310. Ayari cikakke na mutum goma sha shida yanzu yana zuba kusan dala 5,000, ban da kuɗin shiga ƙuri'a da dubban masu nema suke biya kowace shekara, waɗanda galibinsu ba sa ci kuma ba a mayar musu. Daga cikin wannan kuɗi, albashin mutum ɗaya ko biyu da za su zauna kan waya a makonnin ƙuri'a, da ikon dakatar da wa'adi da sake ƙulla sabon asusu da tsohon kundi, ƙaramin kaso ne, kuma masu neman izinin sun riga sun biya shi.