Mai hoton buki: a gama ciniki da shi tun daga zaure

Idan buki ya taso a gida, babu abin da ba a yi ma lissafi. Ana lissafin buhun shinkafa da jarkar mai, goro da dabinon ɗaurin aure, hayar rumfa da kujeru, atamfar anko, har da abin da za a miƙa ma maroƙa. Abu guda ne ake bari sai ana gobe buki, sannan a ce ma wani yaro ya je ya nemo mai hoto. Alhali kuwa shinkafa a ranar take ƙarewa, rumfa da yamma ake kwance ta, anko bayan ƴan wanki ya koɗe. Abin da mai hoto ya ɗauka shi ne zai saura a gida bayan shekara 20.

A ƴan shekarun nan akwai wani salon ɗaukar hoto da ya shigo bukukuwanmu, daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa. Masu sana'ar suna ce masa rapotaj, wato hoto irin na ƴan jarida. Mai hoton da muka saba da shi yakan jera mutane ne, yana cewa ku matso, ku dube ni, kada kowa ya motsa. Shi kuwa wannan ba ya jera kowa. Yana bin buki daga sa lalle zuwa ɗaurin aure har zuwa kai amarya, ba ya sa baki cikin komai, yana ɗaukar abin da ya faru yadda ya faru. Ra'ayinmu shi ne irin wannan mai hoto ya cancanci kuɗinsa, amma kada a bari ya wuce zaure sai an gama ciniki da shi dalla-dalla.

Wasu na ganin abin baƙo ne daga turawa. Gaskiya ne a Amurka salon ya yi suna a bukukuwan aure cikin shekarun 1980 da 1990, amma mu ma a nan Afirka ta Yamma muna da magabata a kansa. A Bamako, Malick Sidibé ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana bin bukukuwan aure da suna da wasannin samari da kamararsa. Yakan wanke hotunan da dare, washegari mutane su zo shagonsa kowa ya zaɓi nasa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venis na Italiya, ya rasu a 2016. A nan Yamai ma, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a waɗannan shekaru, kuma a hotunansa ne ake ganin yadda matasan babban birninmu suka rayu bayan samun ƴancin kai. Ashe abin da aka ɗauka jiya don ƴan kuɗi kaɗan shi ne ya zama tarihi yau.

Me ya sa muke cewa ya cancanci kuɗinsa? A buɗe albam ɗin kowane buki a duba. Za a ga amarya da ƙawayenta, ango da abokansa, kowa ya tsaya ƙyam kamar hoton katin ɗan ƙasa. To ina matan da suka kwana a gindin murhu suna juya manyan tukwane? Ina tsohuwar da ta riƙe hannun amarya ana sa mata lalle? Ina waliyyi sa'ad da ya ɗaga hannu ana shafa fatiha, ko gwaggon da ta zaunar da amarya tana yi mata nasiha kafin a fita da ita? Waɗanda suka fi kowa wahalar buki su ne ba sa shiga hoto. Dattijo ba zai tashi ya shiga layin yara don a ɗauke shi ba. Uwar amarya kuwa, idan ɗiyar fari ce ake aurarwa, alkunya ba za ta bar ta ta tsaya kusa da ita gaban jama'a ba. Idan ba a samu wanda zai ɗauke su cikin hidimarsu ba, an gama bukin ke nan babu su.

Mu da ke aikin rediyo mun san wani abu a kan wannan. A sa'a guda muke karanta sanarwar ɗaurin aure da sanarwar rasuwa, kuma sau da yawa sunan da muka karanta bara cikin masu gayyata, shi muke karantawa bana cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A ranar ne iyali ke neman hoton tsohonsu don jikoki su san kamanninsa, sai a rasa, in ban da ɗan ƙaramin nan na jikin takardu. Haka kuma ƴan uwanmu da ke ci-rani a Abijan, Legas ko Libiya, waɗanda hanya ba ta ba su damar zuwa ba, abin da suke so su gani shi ne gida da mutanen gida, ba bangon leda mai zanen furanni ba.

Sai dai kuma inda amfaninsa yake, nan hatsarinsa yake. Mutumin da sana'arsa ita ce ɗaukar hoto ba tare da an lura da shi ba, idan ya shiga cikin gida ranar buki, zai tarar da mata sun ajiye mayafi, wata na shayarwa, wata na cin abinci, wata ta saki jiki tana rawa don ta san tsakanin mata take. Zai tarar da uwar buki da littafinta ana rubuta wa ya kawo nawa. Zai ga zinariya a wuyan mata da kayan ɗakin amarya a jere. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da hoto guda zai iya jawowa: wanda ake bi bashin kaya a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, idan aka gan shi a waya yana liƙi, gobe masu bashi na bakin shagonsa. Ɓarawo ma yana da salula, shi ma yana kallo.

A da, fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, mai hoto yana tattalin kowane ɗaya, abin da bai wanke ba kuwa yana cikin akwatinsa. Yau kamara na ɗaukar ɗaruruwa a yini guda, kuma da yawa cikin masu sana'ar da hotunan bukin mutane suke tallar kansu a Facebook da TikTok. Ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan da suka shafi mutum a 2017, ta yi ta yaƙi da laifukan intanet a 2019, amma hoton da ya shiga wayoyi dubu babu alƙalin da zai iya tattaro shi. Magabata sun ce magana zarar bunu ce. Yau hoto ya fi ta wuyar mayarwa.

Saboda haka muke cewa a yi wannan ciniki yadda ake cinikin kaya masu tsada. Da farko, a ce ya nuna aikin buki guda daga farko har ƙarshe, ba hotuna 10 da ya tsince daga bukukuwa 10 ba. Mai sayen buhun gero ba ya tsayawa ga na bakin buhu. A duba musamman hotunan dare, domin kai amarya da dare ake yi, wuta kuma tana iya ɗaukewa. Na biyu, a shata masa iyaka: wane ɗaki zai shiga, wane ne ba zai leƙa ba, wane lokaci zai sauke kamara. A haɗa shi da wata babba ta gidan wadda ta san kowa, ita za ta nuna masa tsofaffin da ba a so a rasa hotonsu, ita kuma za ta ce masa nan a'a. Idan da hali, aikin cikin gida a ba mace. Akwai mata masu wannan sana'a, kuma da za mu riƙa nemansu da sun ƙaru.

Na uku, a faɗa masa da baki, a kuma rubuta, cewa hotunan na masu buki ne, ba zai sa ko ɗaya a intanet ko a bangon shagonsa ba sai ango da amarya da iyayensu sun gani sun yarda. Na huɗu, a tsaida ranar kawo aiki da yawan hotunan da zai wanke a takarda, sauran kuma ya kawo su a USB da asalin girmansu. Kada a yarda da cewa zai turo ta WhatsApp kawai, domin hoton da aka tura haka yakan rage kyau, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, bukin ya tafi da ita. Na biyar, kuɗi. Idan misali an daidaita a jikka 100, kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon sai albam ya shigo hannu. A rubuta duk wannan a takarda gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa. Ba rashin yarda ba ne, hana rigima ne.

Shi ma mai hoton yana da haƙƙi a kanmu. Mutumin da ya tsaya da ƙafafunsa tun safe har dare, sannan ya kwashe kwanaki yana tace ɗaruruwan hotuna, ba a taya aikinsa kamar kashin tumatir da yamma. A ba shi abinci, a gaya masa tsarin bukin tun da wuri, a biya shi cikonsa ranar da ya cika alkawari. Kuma kada a ɗauke shi don rapotaj sannan kowace ƙawa ta riƙa jan rigarsa tana cewa ɗauke ni nan. A ware masa ɗan lokaci a jera dangi a yi hoton iyali, bayan haka a bar shi da aikinsa.

Akwai masu cewa yau kowa na da salula, me za a yi da mai hoto? Salula 50 a wurin buki duk amarya suke fuskanta, kuma kowace da hotunanta take tafiya gida, babu wanda ya ɗauki alkawarin komai. Gara mutum guda da aka sani, aka yi sharaɗi da shi. Akwai kuma gidajen da saboda fahimtarsu ta addini ba sa son hoto sam, da baƙin da ba sa so a ɗauke su. Wannan haƙƙinsu ne, mai buki ne zai sanar da mai hoto, shi kuma ya kiyaye.

Abin da ba mu so shi ne wannan ma ya koma gasa, kamar yadda kayan ɗaki da anko suka koma. Kada wata ta taɓa jarinta ko ta ci kuɗin adashe don maƙwabciyarta ta kawo masu kamara uku. Wadda ƙarfinta yini guda ne, ta ɗauke shi yini guda, ta zaɓi ranar da tsofaffi suka fi taruwa. Hoto 40 da ke nuna mutanen gida cikin mutuncinsu sun fi 1000 da za a riƙa ɓoyewa.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba ango da amarya zaman lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.